Akwatin Rediyon Baba da Tafiyar Baffa

Duk sanda ruwa ya ɗiga cikin tafasasshen mai ya yi ƙarar nan, sai akwatin rediyon Baba ya faɗo mini a rai. Haka yake yi idan ya ƙi magana.

Zamanin Turawa ne, ina yarinya a gidanmu na Ruwan Bago. Baba ya kai gyaɗa Kano da kaka, ya dawo da akwatin da wani batir mai nauyin dutsen niƙa. Aka ja waya daga zaure zuwa reshen ɗorawa. Duk ranin nan, da an idar da la'asar, dattawan unguwa ke shimfiɗa buzu a ƙofar gidanmu, muryar mai labarai tana fita tar.

Da bazara Baba ya tafi Ƙaraye ta'aziyya, ya bar akwatin a hannun ƙaninsa, Baffa, maɗinkin hula, mutum mai shiru-shiru. Ranar da ya dawo hadari ya haɗo gabas. Ya kunna, sai ƙara, murya ta zo ta tafi kamar daga ƙasan rijiya.

Ya dubi Baffa: "Me ka yi masa?"

"Yaya, wallahi gogewa kaɗai na yi."

Baba ya yaɓa masa maganar da ba zan maimaita muku ba, a gaban dattawa. Mu da ke leƙe ta soro ma mun yarda shi ne ya ɓata akwatin. Kafin shuka Baffa ya naɗe buzunsa ya bi fatake kudu.

Haka akwatin ya yi ta yi har ruwa ya ɗauke, sai ya washe da kansa, ba wanda ya taɓa shi. Baba ya kai shi Kano duk da haka. Mai gyara ya ce lafiyarsa lau: walƙiya, ko tana nesa, ita ke dagula muryar a hanya, kuma na kowa haka yake da damina.

Baba bai ƙara zaman sauraro ba. Duk ayarin da ya sauka kasuwar Rogo, yana can yana cigiyar Baffa, har ya rasu. Mahaifiyarsu ba ta taɓa ce masa uffan ba, kuma wannan ya fi cin sa.

Yanzu idan hadari ya taso wayar salula ta katse ana cikin magana, jikokina sukan ce sabis ne, su ajiye. Ni ce ke matsa musu su sake kiran mutumin, su gaya masa sun san ba shi ya kashe ba.