Jallabiyar Usta Jaji a Kan Rodi

Duk mai jin Hausa da ya yi aiki a Madinar Masana'antu ta Jidda ya san Usta Jaji mai walda. Dogo ne, baƙi wuluk, mai faɗin kafaɗa, ga shi da rowar magana kamar da kuɗi ake sayenta. Shekara goma sha bakwai ya yi a wani kamfani mai ƙera tankunan ruwa, yana shiga cikin tanki da kayan aiki masu kauri, da safar fata har gwiwar hannu, da garkuwar fuska, a garin da ko mutum yana zaune a inuwa gumi yake yi. In ya fito da yamma sai ka rantse daga tukunya aka tsamo shi.

Asalinsa ɗan masunta ne daga Tungar Maje, wani ƙaramin tsibiri ƙasa da Yawuri. A can ya buɗe ido ya ga ruwa ta ko'ina, a cikinsa ya koyi tafiya kafin ya koya a tudu. Mutanen tungar suna da wata al'ada da ba a rubuta a ko'ina ba. In namiji zai yi wanka a gefen maza, sai ya kafa gorar tuƙa jirgi a yashi, ya rataye rigarsa a sama. Duk wanda ya hango riga tana kaɗawa, a jirgi yake ko a ƙafa, sai ya kau da kai ya canza hanya. Babu mai leƙen wani, babu mai tambaya. Jaji ya tashi da sanin cewa riga a kan gora ta fi katanga tsare mutunci.

A shekararsa ta huɗu a Jidda ya auri Sharifa, haifaffiyar unguwar Sa'alaba, wadda kakanninta suka taka da ƙafa daga Damagaram zuwa aikin hajji, ba su koma ba. Hausarta rabi da rabi ce da Larabci, kuma ita ta fara kiransa Usta, wato gwanin sana'a, don zolaya har sunan ya bi shi wurin aiki. Allah bai ba su haihuwa ba. Sai suka zama su ne 'ya'yan juna, ita tana masa faɗa a kan shan ruwa, shi yana mata faɗa a kan sukari. Mahaifiyarta tana tare da su, ɓarin jikinta ya shanye, Sharifa ce mai juya ta da mai ba ta abinci a baki. Saboda haka Sharifa ba ta da inda za ta motsa. Shi kuwa zamansa kusa da ita gaba ɗaya yana rataye ne da iƙama, wannan ɗan katin izinin zama da kafilinsa, mai kamfanin, yake sabunta masa duk shekara. Ranar da katin ya mutu, ranar auren ya zama na waya.

Jikinsa ne ya fara ƙorafi. Ƙuraje suka feso masa a baya da cinya, ƙaiƙayi ba dare ba rana, an shafa man asibiti har an gaji. Amma in za a faɗi gaskiya, ƙurajen hujja ce kawai. Mutumin kewar ruwa yake yi. Ga teku a gindin gari, sai dai duk inda aka yarda a shiga akwai jama'a da iyalai da masu gadi, kowa a suturce. Ya gwada sau ɗaya da dogon wando da singileti, ya fito ransa a ɓace, ya ce wannan ai wanki ne, ba wanka ba.

Wata Juma'a da hantsi ya ɗauki tsohuwar motarsa ya yi kudu, ya wuce masana'antu, ya wuce inda kwalta ta ƙare, har ya samu wani lungun gaɓa da babu kowa sai ƙaguwa da tsuntsaye. Ya duba gabas ya duba yamma, ya tuɓe zigidir, ya shiga. Gishiri ya cije shi a ƙurajen har hawaye suka zo, bai fita ba. Da ya gama ya kwanta a yashi, iska tana bin ko'ina na jikinsa, a karon farko tun da ya baro gida. Ya yi kuka a wurin, shi kansa bai san na mene ne ba.

Kada a ce an wanke shi. Ya san abin da malamai suka ce a kan al'aura, ya san kuma ƙasar da yake ciki. Hausawa sun ce in ka je gari ka ga kowa da jela, kai ma nemi tsumma ka ɗaura. Jaji ya ɗaura tasa kwana shida a mako, rana ta bakwai ce ta gagare shi. Hujjarsa ita ce babu idon da yake gani, kuma don ya tabbatar da haka sai ya yi abin da ubansa ya koya masa. Da yake babu gora a Jidda, ya samu rodi mai tsawon mutum biyu, ya yi masa waldar ƙugiya a sama, aiki mai kyau irin na gwani. Duk Juma'a sai ya kafa shi a yashi, ya rataye farar jallabiyarsa, sannan ya shiga ruwa hankali kwance. A ransa ya rufe ƙofa ke nan.

Sharifa kuwa ce mata yake yi zai je duba wani aiki. Kunya ce ta hana shi faɗa. Yana ganin mace da ta tashi cikin abaya tun tana shekara tara ba za ta taɓa fahimta ba, za ta ɗauka ya taɓu ko ya lalace. Yakan dawo kafin a kira sallar Juma'a, fuskarsa a sake, har ya yi mata waƙa. Shekara shida ana haka.

Baƙo ko da ido makaho ne. Abin da Jaji bai sani ba, masu sintirin gaɓa sun daɗe suna hango wani farin abu ta madubin hangen nesa, yana tashi a wuri ɗaya, a rana ɗaya, a lokaci ɗaya, sannan ya sauka. A wurinsu wannan ba ya nufin komai sai alama ga jiragen masu fasa-ƙwauri. Suka yi makonni suna jira su ga jirgin da zai amsa. Da bai zo ba, suka zo da kansu, mota uku.

Yana cikin ruwa iya ƙirji ya ji ana kira da lasifika. Ya juya ya ga mutum takwas da bindigogi sun kewaye rodinsa, jallabiyar tana hannun ɗaya daga cikinsu. Aka ce ya fito hannu a sama. Ya roƙe su da ɗan Larabcinsa su jefo masa rigar tukuna, ba su yarda ba, don ba su san abin da yake ɓoye a ƙarƙashin ruwa ba. Haka dattijo mai shekara hamsin da ɗaya ya fito, yaran da ya isa ya haifa suna kau da kai, wani yana istigfari da ƙarfi.

Kwana goma sha ɗaya ana tambayarsa jirgin wa yake jira. Ya ce ba jirgi, alama ce don mutane su nisance shi. Mai tambayar ya ajiye biro ya dube shi.

"Ka ɗaga tuta a bakin teku don kada kowa ya zo?"

"Haka muke yi a garinmu," in ji Jaji.

Daga ƙarshe sun yarda ba ɗan fasa-ƙwauri ba ne. Sauran laifin kuwa ba ya musantuwa, tsiraici a fili, a wurin da ma ba a yarda a shiga ba. Kafilinsa Nawaf, wanda ya gaji kamfanin daga ubansa, ya zo sau ɗaya. Bai yi faɗa ba, bai kuma zauna ba.

"Ya Usta, hannunka ba shi da na biyu, wallahi. Amma wannan ta fi ƙarfina. Khalas, magana ta ƙare."

Aka ɗauki hoton yatsunsa, aka soke iƙamar, aka kai shi tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasashensu. A duk kwanakin nan bai nemi Sharifa ba. Ta kawo jaka da kayansa ƙofa har sau biyu, ya karɓi jakar, ya kasa aika ko gaisuwa. Ya fi tsoron muryarta a kan jirgin da zai ɗauke shi. Sai ana gobe tafiya, bayan la'asar, ya ari wayar wani ɗan Nijar ya kira.

Ta ɗauka. Yana jin mahaifiyarta tana tari a ɗaki.

"Sharifa, na kunyata ki."

"Usta, ka ci abinci?"

"Ki yafe mini. Shekara shida ina miki ƙarya. Ba aiki nake zuwa dubawa ba."

"Na sani," ta ce. "Wane aiki ne mutum zai dawo daga shi gashinsa duk gishiri? Ni ce fa mai wanke jallabiyar."

Ya jingina da bango.

"To me ya hana ki magana?"

"Jira nake ka ce, yalla Sharifa, zo mu je." Sannan ta ci gaba. "A nan aka haife ni, ya Usta. Shekarata arba'in da huɗu, bahar ɗin nan bai taɓa taɓa mini ko gwiwa ba. Kullum Juma'a in ka ɗauki mukulli sai in ce yau zai kira ni. Da ka tafi da ni, ai da na zauna a mota na yi maka gadi. Da na hango su tun daga nesa."

Mai wayar yana tsaye a kansa yana jira, wasu biyu suna bayansa a layi.

"Ummi tana kirana," ta ce. "Ka sha ruwa a jirgi, kar ka manta."

Washegari aka tafi da shi. Yana Yawuri yanzu, yana waldar ƙofofi a wata rumfa a bakin tasha, kuma an hana shi komawa. Ita tana nan tare da tsohuwa. Suna waya duk mako, su yi gaisuwa, su tambayi lafiya, su yi zancen zafi. Sau ɗaya ya ce mata in Allah Ya haɗa su zai kai ta ruwa, ta ce in sha Allah, sannan ta roƙe shi kada ya sake faɗa.