Inda Gabas Take Yamma

Da an sallame sallar asuba, Malam Uzairu ba ya komawa gida. Yakan fito daga Harami a hankali, ya gangaro unguwar Misfala, ya sha rabin kofin shayi a tsaye, sannan ya tari motar da za ta sauke shi a Mansur, a ƙofar ɗan ofishin tafiye-tafiyen da ya yi wa aiki shekara ashirin da bakwai. Kafin mai ofis ya iso ya share tebur, ya fito da almakashi da kwalayen da yake tarowa daga shagunan masu darduma, ya yayyanka su daidai tafin hannu. A kan kowanne yakan zana wasu haruffa biyu na Sinanci, waɗanda ake liƙawa a ƙofar gidan abincin Musulmi a ƙasar Sin. Bai iya karanta su ba, zanensu kawai ya haddace. Bara da idonsa yake yi. Bana sai da gilashin ƙara girman rubutu, hancinsa na neman taɓa kwalin.

Likita bai ɓoye masa ba. Ciwon suga ya riga ya tafi da idon hagu, na dama kuma da wuya ya kai azumi mai zuwa. Ƙarshen watan nan zai ajiye aiki. Amma in ka zauna da shi, ba makanta ce ke hana shi sukuni ba. Wani tsohon littafi ne mai baƙin bango da ke aljihun rigarsa, inda ya rubuta duk abin da ya sani game da Gwanju da Yiwu da Shanghai na ƙasar Sin, da Hanoi da Saigon na Vietnam: inda za a ci abinci da kwanciyar rai, inda za a yi Juma'a, inda za a je kallo, da inda ba a leƙawa. Da ajami ya rubuta shi, cikin Hausar Funtuwa da ya taso da ita. 'Ya'yansa kuwa haifaffun Makka ne, baƙin Larabci suna karanta shi kamar ruwa, amma Hausarsu ba ta wuce ta gaisuwa da neman abinci ba. Ranar da idon ya rufe, littafin ma ya rufe ke nan.

Ga wanda bai sani ba, bari in tona mana asiri. Tasbahar nan da alhazai ke ciko jaka da ita su kai gida tsarabar Makka, da darduma, da agogon da ke kiran salla, yawancinsu Makka zango kawai suka yi. 'Yan kasuwarmu na Misfala da Mansur ne ke zuwa can gabashin duniya su yi sari. Kuma akasarinsu ba su taɓa taka filin jirgin Gwanju ba tare da Malam Uzairu yana gaba ba, ko aƙalla kwalinsa yana aljihu.

Shi ma da kuskure ya fara. Karatu ya kawo shi Makka yana ɗan shekara goma sha tara, ya zauna, ya auri Sakinatu 'yar Misfala, ya kama aikin ofis don ya san ɗan Turanci. Tafiyarsa ta farko, shi da Alhaji Luƙumanu mai shagon tasbaha, suka sauka a Gwanju. Mu Hausawa kowa ya sani, alƙibla gabas muke ce mata. Kakanninmu sun ɗauko kalmar tun daga gida ba su sauke ba; a nan Misfala arewa muke kallo in za mu yi salla, amma har gobe tsohuwa za ta ce da jikanta, "Juya gabas." To, da suka shiga ɗakin otal, Alhaji Luƙumanu ya ce a nemo gabas. Uzairu ya sauka ya tambayi ma'aikacin otal da Turanci ina gabas take, mutumin kuwa ya nuna masa gabas ɗin gaskiya, inda rana ke fitowa. Kwana uku cur suna salla sun ba Ka'aba baya, su da suka fito daga gindinta.

A rana ta huɗu suka shimfiɗa kwali a bayan wani shagon taliya don yin la'asar. Mai shagon, wani dattijo Musulmi ɗan ƙasar mai farar hula, ya fito hannunsa duk gari, ya kama kafaɗun Uzairu ya juya shi gaba ɗaya, ya nuna inda rana ta karkata, ya ce, "Makka." Alhaji Luƙumanu har yau in ya ba da labarin sai ya yi dariya har da hawaye. Uzairu bai yi dariya ba. Kunya ta rufe shi, ya rama sallolin nan duka, ya sayi littafin nan a kantin gefen otal, ya rubuta a shafin farko: "A nan gabas ɗinku yamma ce."

Daga nan littafin ya fara cika. Kowa ya san karatun da yake yi wa baƙon tafiya kafin a tashi, yana ɗaga yatsa kamar mai wa'azi. Ku nemi shago mai koren allo da haruffan nan biyu, ku ci taliyar da ake ja da hannu a gabanku. Kada ku ce romon kaza ne don kun ga kaza a ciki, ku tambayi ƙashin da aka dafa shi da shi. Ranar Juma'a ku je tsohon masallaci mai doguwar hasumiya, ku tafi da yunwarku, domin bayan salla akwai masu gasa nama. Bayan magariba ku hau jirgin ruwan kogi ku ga fitilun gari, ba laifi, halittar Allah ce da aikin hannun bayinsa. Amma duk ƙofar da fitilarta ke ƙyafta ido, mai gadi yana yafito ku yana cewa akwai shayi a ciki, ku wuce, ba shayin da kuka sani ba ne. Akwai alhazan da wannan shawarar ta rufa wa asiri, ba zan faɗi suna ba, suna karanta ni.

Da sarin kaya ya fara karkata Vietnam, ya sake komawa ɗalibi yana da furfura. Hajiya Ummulkhairi mai sayar da abaya ta ba ni labarin ranarta ta farko a Hanoi, ta tsaya bakin titi kusa da tafkin tsakiyar gari, babura sun cika hanya ba sa yankewa, ƙafarta ta ƙi ɗaguwa.

"Hajiya, ki sauka kawai," in ji shi. "Kada ki ruga, kada ki tsaya, kada ki koma baya. Su ne za su kauce miki."

"Ya Malam, kashe ni za ka yi in bar marayu?"

"Kin yi ɗawafi ranar ashirin da bakwai ga azumi, ai kin fi ƙarfin babur."

Ta ce dariya ce ta tsallakar da ita. A can ma ya nemo mata masu abincin halal a bayan babbar kasuwar Saigon, ya koya mata shan gahawarsu mai madarar gwangwani, wadda shi likita ya hana shi, sai dai ya riƙe kofin ya shaƙi ƙamshi.

Kai ne, Malam Uzairu, wanda ya kwana uku a asibitin Yiwu kusa da mutumin da ba danginka ba, kana nuna wa likita inda ke masa ciwo da hannu. Kai ne ke cin abinci a ƙarshe, bayan ka tabbata kowa ya samu abin da cikinsa zai karɓa. Jagoran da ba ya shiga hoto, domin kullum kai ne ke riƙe da wayar kana ɗaukar wasu.

Sai dai aikin nan ya karɓi abin da ba zai mayar ba. Shekara tara ke nan. Malam Uzairu yana Gwanju da ayarin mutum goma sha ɗaya, da tsakar rana, waya ta shigo daga Misfala: Sakinatu ta faɗi a kicin da safe, kafin a kai ta asibiti rai ya yi halinsa. A Makka ba a ajiye gawa, za a yi mata salla a Harami bayan azahar. Ko da fiffike gare shi ba zai iso ba. Alhaji Luƙumanu yana cikin ayarin, ya ce da ni, "Wallahi bai ce mana komai ba. Ya kai mu gidan abinci, ya yi wa kowa oda, ya jira muka ci muka ƙoshi, ya sa mu a mota muka koma otal. Sannan ya ce, 'Ku yi wa Sakina addu'a,' ya shige ɗakinsa."

Malam Uzairu ya dawo bayan kwana biyu ya tarar da kabari. 'Yarsa Salwa, babbar, tana da shekara goma sha bakwai a lokacin, ita ce ta riƙe kan uwar a mota. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, tana masa girki, tana wanke masa kaya, amma tun daga ranar ba ta sake tambayarsa yadda hanya ba. Shi kuma bai taɓa gaya mata yadda ya yi wunin ba, yana ganin ba shi da bakin magana. Da ido ya fara tafiya, ya kai wa mai ofis littafin, aka ce masa yanzu waya na yin duk wannan. Ya gwada 'ya'yansa maza, suka sumbaci kansa suka ce in sha Allah. Sai ya ajiye shi a gaban Salwa. Ta ture shi da bayan hannu.

"Baba, ku yi haƙuri. Wannan daftarin ne ya ɗauke ku ranar Ummi. Ma abgha, ba na so."

Ya mayar da shi aljihu. Abin ya yi masa ciwo fiye da maganar likita.

Abin da ya biyo baya Salwa da kanta ta gaya mini, kuma da izininta na rubuta. Juma'ar da ta wuce bayan la'asar, ta same shi a falo ya kifa fuska a kan littafin, gilashin a hannu, yana neman sunan wani titi a Hanoi da wani ɗan kasuwa ya yi waya yana tambaya. Ya kasa gani. Tausayi ya kama ta, ta karɓa don ta karanta masa layin kawai ya huta. Tana buɗe shafuka tana furta baƙaƙen da harshenta na Larabawa, ba ta san me take faɗa ba, har ta iso wani shafi mai kwanan wata a sama. Lambobi ba sa buƙatar fassara. Ranar ce.

Ta karanta shi a bayyane, kalma-kalma, tana tuntuɓe. A tsakiya ta ji sunan uwarta ya fito daga bakinta. Ta tsaya.

"Esh ma'anaha, Baba? Me kuka rubuta?"

Sai ya juya mata shi da Larabci. Ba kuka ya rubuta ba, ba kuma addu'a ba. Shawara ce ga matafiyi, kamar sauran shafukan: "Otal ɗin da ke bayan gada, hawa na goma sha huɗu, ɗakin ƙarshe. Tagarsa yamma take kallo, babu ginin da ya tare. Wanda aka yi wa rasuwa a gida ya nemi wannan ɗakin. Azahar ɗin Makka tana zuwa da ƙarfe biyar da rabi na yamma a nan. Ka tsaya a tagar, ka yi kabbara huɗu tare da su. Sakina tana gabanka kai tsaye."

Salwa ta ce shekara tara tana ɗauka ya ba su baya a ranar, ashe su yake fuskanta. Ta yi kukan da ba ta yi a gabansa ba tun rasuwar, shi ma ya yi. Da suka natsu ta tashi ta ɗauko sabon littafi da biro, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ta koma shafin farko.

"Ni zan karanta, ku kuna fassara. Amma a hankali, Baba, ina so in koyi Hausar ma."

Sun kai shafi na talatin da ɗaya. Littafin shafi ɗari biyu ne da ɗoriya, idon kuwa kullum ƙara dushewa yake, amma yanzu ba idonsa ake buƙata ba.

Malam Uzairu, mun gode. Mun ci halal a inda ba mu iya tambaya ba, mun ga duniya mun dawo da mutuncinmu, kuma mun yi salla muna kallon inda ya kamata, duk albarkacinka. Ba mu taɓa tambayarka abin da ka rasa a hanya ba, wannan laifinmu ne, ka yafe mana. Allah ya jiƙan Sakinatu, ya ba ka hasken da ya fi na ido.

Ku kuma matasanmu na unguwannin Misfala da Mansur da Shisha, waya za ta nuna muku alƙibla da gidan abinci, ban musa ba. Amma ba za ta jira ku ku ƙoshi kafin ta yi kukanta ba. In kun ga baƙo ya juya baya, ku kama kafaɗarsa a hankali ku juya shi. In kuma akwai tsoho a gidanku mai littafi a aljihu, ku karɓa ku karanta masa tun yana iya gaya muku abin da ke ciki.