Kwalbar Kawu Sale

Duk wanda ya taɓa zama a zauren Kawu Sale a Zandam ya san kwalbar nan. Kafin ka gama gaisuwa ya zaro ta daga aljihu, ya karkaɗa maka a kunne. Fararen ƙwayoyi ne a ciki kamar tsabar masara, guringuntsin da likita ya kwashe daga gwiwarsa a Birnin Kudu.

"Amfanin gonata ne," in ji shi. "Ba taki, ba ruwa!"

Mu dariya muke yi, shi kuwa abin na cin ransa. Kafin a cire su gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, sujada ta gagara, ga shi ya tsani sallah a zaune. Da Liman ya sa aka kawo masa kujerar roba, cewa ya yi, "Malam, masallaci na zo ko taron siyasa?"

Bayan tiyata goshinsa ya koma taɓa ƙasa. In ya yi sujada sai an zungure shi yake ɗagowa. Ana haka gwiwar ta sake kumbura, na ɗauke shi a babur muka koma. Likita ya ce ba ciwon daji ba ne, amma irin wannan tsiron yakan dawo ko an cire.

"Yo ai dole," in ji Kawu. "Noman fari ka yi ka tafi. Wa yake barin gona ba maimai?"

Aka yi maimai, ƙwayoyin suka sake fitowa. Wannan karon likita ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauki wani aikin ba.

Daga nan ya tsiri zuwa jana'iza. Ko a Dingaya aka yi rasuwa sai ya tasa ni gaba. Ran nan na gaji na ce, "Haba Kawu, wannan fa ko sunansa ba ka sani ba!"

"Ita kaɗai ce sallar da ba ruku'u ba sujada," in ji shi. "A nan nake shiga sahu kamar kowa."

Wallahi ban sake ƙorafi ba. Sauran sallolinsa a kan kujerar nan ya ƙarasa su, can ƙarshen sahu, kullum sai ya harare ta kafin ya zauna.

Ranar tasa jana'izar, kwalbar na cikin aljihuna, muka yi kabbara huɗu a tsaye, na kasa riƙe hawaye. Allah ya jiƙan Kawu Sale, ya rubuta masa ladan duk sujadar da ya yi niyya gwiwa ta hana shi.