Uwar Bakwaini, Likitar da Ta Sa Na Goya 'Yata a Ƙirji

Na Allah ne mu, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, ina kan keken ɗinki matata ta kira ni a waya. Cikin kuka ta ce, "Uwar Bakwaini ta rasu." Ciwon zuciya ne, in ji su, bai kuma daɗe da kwantar da ita ba. Na sauke ƙafata daga kan keken, ban sake ɗinka komai ba ranar.

Likita, ni tela ne, almakashi na saba riƙewa ba alƙalami ba. Abokan aikinki za su faɗi zurfin iliminki. Ni abin da idona ya gani zan faɗa.

Shekarun baya matata ta haihu cikin wata bakwai. Jini ya ɓalle mata, aka wuce da ita ɗakin tiyata, ni kuma aka kira ni sashen jarirai in ga 'yata. Ba ta cika tafin hannuna biyu ba, fatarta kamar ɓawon albasa. Kwalaben da ake saka bakwaini duk sun cika, ga wutar lantarki tana zuwa tana ɗaukewa.

Kika dube ni kika ce, "Malam, je ka wanke hannu har gwiwa, ka zo ka cire rigarka." Na ɗauka ban ji daidai ba. Kika ce, "Uwarta ba ta farfaɗo ba tukuna. Ƙirjinka ma yana da ɗumi."

Kika kwantar mini da ita, daga ita sai kunzugu da 'yar hula, kika ɗaure mu da zane. Na sandare, ko numfashi tsoro nake yi. Sai kika ja kujera kika zauna, kika yi mini bayani kamar ba ki da wani aiki. Kin ce masana sun bibiyi jarirai irinta masu ɗimbin yawa, suka gano cewa wanda aka manna a jikin iyayensa ya fi riƙe ɗumi, numfashinsa ya fi daidaita, ya fi tsira daga cuta. "Tun da daɗewa aka rubuta," kika ce, "amma muddin yana cikin takarda, ba jaririn da zai amfana."

Da yayata ta leƙo ta gan ni, ta kama baki ta ce, "Yau ga namiji da goyo, kuma ta gaba." Har ke sai da kika dara. Haka na yi ta goyon nan har matata ta samu ƙarfi muka riƙa karɓa-karɓa.

Daga baya na ji irin wuyar da kika sha kafin a yarda. Manyan asibiti ba sa son 'yan'uwan marasa lafiya a sashen jarirai, kuma suna da hujja: tsoron cuta. Ba ki yi rigima da kowa ba. Kin fara da 'yan kujeru a wani lungu, kika sa aka kafa famfon wanke hannu a bakin ƙofa, kina auna jariran kowace safiya, kina kai sakamakon wurin taro, har suka gani da idonsu suka ba ki ɗaki guda. Ma'aikatan jinya sun ce ko shugaban asibitin ne ya shigo bai wanke hannu ba, cikin ladabi za ki raka shi bakin famfo.

Wata rana gyangyaɗi ya ɗauki wata mai jego, zanenta ya saki, ɗan ya zame, wuyansa ya lanƙwashe. Allah Ya sa aka gani da wuri, ya rayu. Ba ki yi wa uwar faɗa ba, ba ki ɗora wa mai jinya laifi ba. Kin tara su kika ce, "Duk mai jego tana gyangyaɗi. Zanen za mu gyara." Washegari sai ga ki a shagona da 'yar jakar yashi mai nauyin bakwaini, kina so in ɗinka riga mai aljihu da za ta riƙe kan jariri a miƙe. Yadi nawa muka ɓata! Kullum ki dawo ki ce, "Malam Tela, wuyan nan ya yi zurfi," ko "Maɗaurin nan zai ci wa uwa kafaɗa." Har muka dace.

Zuwanki na ƙarshe, kin ce an sake bincike, yanzu har jariran da ke da robar numfashi a hanci za a riƙa goyawa, don haka in buɗe wa robar hanya ta gefe. Na ce, "Likita, ke ba kya gajiya da canji?" Kika ce, "Jiya iyakar saninmu ke nan. Yau an ƙara mana, sai mu ƙi karɓa?" Na gama rigunan a makon da kika kwanta. Ba ki gan su ba. Na miƙa su ga matashiyar likitar da kika koyar. Ta juya su ciki da bai, ta ja maɗaurin, ta ce in rage kaɗan. Na karɓa ban yi musu ba.

'Yata yanzu tana sakandare, ta fi uwarta tsawo, surutu kuwa sai an ce ta yi shiru.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka sa kowane numfashin yaran da suka rayu ta hannunta ya zame mata lada mai gudana. Ka ba waɗanda ta bari a sashen nan ƙarfin ci gaba.

Ga maigidanta, da 'ya'yanta, da mahaifiyarta da ta ga wannan rana da tsufanta, ina miƙa ta'aziyyata da ta iyalina. Mun sani sarai, lokacin da ta ba mu daga cikin naku ta ɗebo, kuka kuma haƙura. Allah Ya biya ku, Ya ba ku juriyar wannan rashi, mu kuma Ya kyautata namu zuwan. Amin.