Kai da Hai

Riɗi ne ya kai ni Japan. Ni da wana muke saye a kasuwar Bafarawa da ƙauyukan Isa, sai wani tsoho ɗan can da ke karɓar kayanmu ya gayyace mu birninsu na bakin teku. Tun a jirgi abu guda ke cina: kada in haɗiye naman alade ko giya ban sani ba. Kwana uku ƙuli-ƙuli da dabinon jakata nake ci a ɗaki, ina mayar da abincin masauki.

Rana ta huɗu tsohon ya fita da mu yawo. Ya hau da mu wata hasumiya, ya nuna mana jiragen ruwa, kowane ya kai unguwa guda a Sabon Birni, da wurin da ake sauke buhunanmu. Wana yana ta ɗaukar hoto. Ni kuwa ina neman gabas, ina duba agogo kada azahar ta wuce.

Daga nan sai gidan abinci. Muka tuɓe takalma muka zauna ƙasa kamar a gida. Wata mata ta ajiye mini ɗan kwano da ɗanyen kifi a ciki. Na ja baya na ce, "Kai, kai." Ta rusuna, ta fita, ta dawo da wani. Na sake cewa kai, ta sake kawowa. Kafin in ankara kwano bakwai ne gabana, zufa ta jiƙa mini hula.

Wana ya yi dariya har da tari. "Malam mai waswasi, kai ɗinka hai take ji, hai kuwa a bakinsu awo ne, wato i. Tun ɗazu kana ce mata ta ƙaro."

Ni ban ga abin dariya ba, don na lura tsohon bai taɓa nasa ba, ni yake jira. A wurinmu baƙon da ya ƙi abincinka ya zage ka. In ci, ban san mi za ni ci ba. In ƙi, na kunyata dattijo a garinsu.

Na ce, "Yaya, don Allah tambaye shi mi ke ciki."

Wana ya tambaya da ɗan Turancinsa. Tsohon ya zaro wata takarda daga aljihu, ta sha ninki. Ashe tun kafin mu iso ya je masallacin birnin da ƙafarsa, liman ya lissafa masa abin da ba mu ci, ya rubuta, ya kawo wa mai dafuwa. Har tukunya dabam aka ware mana. Kuma duk abincin da nake mayarwa a masauki kwana uku, da takardar nan aka dafa shi.

Na yi bisimilla na ɗauki kifin da hannu, don tsinkayen cin abincinsu sun gagare ni. Sanyi gare shi, ba ƙarni. Shinkafar da aka haɗo da shi an barbaɗa mata riɗi. Sai a lokacin tsohon ya fara ci. Kwano bakwai ɗin sai da na cinye su.

Da muka dawo hankalina bai kwanta ba, na je Gangara wurin malaminmu na tambayi hukuncin ɗanyen kifi. Ya ce kifi ba ya son yanka, in bar wannan. Abin da ya kamata ya dame ni, in ji shi, zaton da na yi wa mai masaukina kwana uku.

Shi ke damuna har yau. Ban san yadda ake cewa a gafarce ni da harshensu ba, kuma ban tambaya ba har jirgi ya tashi.