Kifin Gwaggo Zinariya a Murfin Kular Hajja

Na dawo daga neman aiki na tarar kular Hajja ba ta kan firji. A kan tabarma kuwa ga almakashi, ga gwangwanin gam a buɗe, ga hatimin kifi da jan fenti bai ko bushe ba. Nan take na nufi wurin Gwaggo.

"Gwaggo, ina kular mutane?"

"Na mayar musu. So kike a ce mun riƙe musu kwano?"

Gwaggo Zinariya yayar babana ce, a wurinta na zauna a Yelwa har na gama jami'a. Mijinta, Allah ya jiƙansa, facin taya yake yi a bakin titi. Da ragowar robar tayarsa ta fara: ta sa reza ta yanko fure ko kifi ko jinjirin wata, ta manna a guntun katako, ta dangwala a fenti ta buga. Daga baya ta ƙara da liƙa ƙyallen atamfa da take tsintowa wurin teloli. Matan unguwa suna kawo mata tire da faifan amare, kuma tana da hannu, ba ƙarya. Sai dai ba ta san inda ake tsayawa ba. Butocinmu duk da kifi. Ƙofar firji ba a ganin farinta. Mai gyaran fanka ya taɓa ajiye akwatinsa ya tafi salla, ya dawo ya tarar da furanni a murfin.

Hajja Habibatu kuwa mahaifiyar Bakari ce, wanda yake nemana da aure. A GRA suke, gidan da labule da kujera da bango duk launinsu ɗaya. Ta aiko mana da farfesun kaza a kular da ta sayo a Makka, fara sol, ana kuma sa ran baffanninsa za su zo gaisuwa ranar Asabar.

"Gwaggo, me kika yi wa kular?"

"Masa na zuba. Ba a mayar da kwano wayam."

"A jikinta nake nufi."

"Au. Ɗan kifi ne kawai a murfi. Sai na ga kifin ya yi maraici, na zagaye shi da atamfa." Ta ƙare mini kallo. "Ke da digirinki, ji yadda kike rawa kamar an tsamo ki daga dam ɗin Gubi. Kula fara fat kamar ta asibiti, ai taimakon baiwar Allah na yi."

"Da wane gam?"

"Mai ƙarfin mana. Surukarki ce fa, zan sa mata na banza?"

Na shiga ɗaki na kira Bakari. Ya yi dariya har da tari. Ya ce Hajja ta buɗe ledar a gabansa, ta daɗe tana kallon murfin, ta tambayi wanda ya yi. Da ya faɗa mata, sai ta ɗauki kular ta shige ɗakinta. Masar ma ba ta ba kowa ba.

"Ranta ya ɓaci?"

"Wallahi, Saudatu, ban iya karanta fuskarta ba."

Gwaggo ta ce in dai an ci masarta, magana ta ƙare. Tana can tsakar gida tana yanka sabon hatimi, wai na kayan ɗakina. Ni ko abinci na kasa ci. Hajja ba ta aiko ba, ba ta kira ba, kuma har yanzu babu wanda ya ce mana baffannin za su zo ranar Asabar ko an fasa.