Baba Masinja da Kalmomi Masu Ƙafa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar Talata, tara ga watan Maris, ina goge matakalar bene na biyu, na ji numfashinka kafin in gan ka. Ka taho rungume da fayil-fayil a ƙirji kamar kullum, ka ce mini, "Dogo, janye bokitin nan, yau akwai magana." Ka ƙara taku uku, sai ka zauna. Ban taɓa ganin ka zauna a matakala ba. Takardu suka zube suka bi ƙasa. Kafin a kawo mota, rai ya yi halinsa. A cikin abin da ya warwatse akwai fayil ɗina, a buɗe, da rubutun Darakta na koren biro. Na karanta kalmar da idona, domin kai ka koya mini ita.

Baba, shekara talatin da ɗaya kana masinja a ma'aikatar nan, kuma ba ka jin Turanci. Ni ma a aji huɗu na tsaya. Shekara shida ke nan ina shara a matsayin ɗan wucin gadi, ina jiran a tabbatar da ni. Ranar da ka same ni a bayan ɗakin janareta ina jujjuya takardar da aka ba ni, ba ka yi mini dariya ba. Ka ciro wani guntun kwalin sabulu daga aljihu, ya yi laushi don tsufa. Kalmomi ne a jere, ka kwafo su daga fayil-fayil kamar mai zanen hula, harafi bayan harafi.

Ka ce, "Ɗana, Turancin ofis iri biyu ne. Akwai mai ƙafa, akwai na zaune. Masu ƙafar nan kawai za ka riƙe."

Ka nuna mini fowad, wato a tura gaba. Furosid, a ci gaba da aiki. Safot, an mara wa abu baya. Esfidayit, a hanzarta, wadda ka ce sau huɗu kacal ka gan ta a rayuwarka, kuma duk a kan takardun 'yan'uwan manya. Sai furomot, ƙarin girma, ita ce a ƙasan kwalin. Na zaune kuwa ka ce ba sai an rubuta su ba, mutum zai gane su da ƙurar da ke kan fayil.

Aikinka ɗaukar takarda ne daga tebur zuwa tebur, amma abin da kake yi ya wuce haka. Kana tsayawa a baranda ka saurari yadda Darakta ya rufe ƙofar motarsa. In ya buga ta da ƙarfi, takardun talakawa su kwana a durowarka, ka kai masa na kwangila ya sauke fushinsa a kansu. In ya shigo yana amsa gaisuwa, sai ka ɗora namu a sama. Matar wani direban ma'aikatar nan da ya rasu ta yi shekara biyu tana sintiri a kan haƙƙin mijinta, har takalminta ya san hanya. Kai ka shiga ɗakin ajiya, ka tono fayil ɗin, ka kaɗe shi, ka sake masa bango, ka riƙe shi sati uku sai ranar da aka yi wa Darakta jika. Da yamma ka same ta a bakin get, ka ce, "Hajiya, ya samu ƙafa." Ko ruwa ba ka sha a hannunta ba.

Naka fa? A matakin da aka ɗauke ka, a nan ka mutu. Na taɓa tambayarka me ya hana ka ɗora naka a sama. Ka ce, "Kai, da kunya mutum ya kai kansa gaban alƙali da hannunsa." Gwaggo, mai ɗakinka, takan kira ka inuwar giginya, kai kuma ka ce ai na nesan ma bayin Allah ne.

Ka san dokar wurin nan: ba a tabbatar da wanda ya cika shekara talatin. Ni kuwa ƙarshen watan gobe zan cika. Shi ya sa tun bara kake lallaɓa fayil ɗina daga ofis zuwa ofis, kamar mai raka makaho tsallaka titi. Tebur ɗaya ya rage. Can za ka kai shi a safiyar da ka rasu.

A cikin ruɗanin ɗaukarka, akawu biyu suka tattara takardun a kwali. Ni ina riƙe da kanka, ban bi ta kansu ba, kuma ko yau aka maimaita, kanka zan riƙe. Bayan kwana uku na je wurin sakatariyar Darakta. Ta duba, ta ce babu fayil mai sunana. Na ce mata na ga fowad da koren biro. Ta kalle ni daga sama har ƙasa, ta ce, "Malam, kai da tsintsiya, yaushe ka fara karanta hannun Darakta?" Darakta kuwa an yi masa canjin wurin aiki. Sabon masinja yaro ne mai digiri, yana jin Turanci kamar ruwa, amma abin da aka miƙa masa shi yake kaiwa, a yadda aka miƙa. An ce in buɗe sabon fayil. Wancan shekara shida ya ci, ni kuwa sati bakwai gare ni. Mahaifiyata tana tambayata kullum ko takarda ta fito, matata ta daina tambaya. Na yi haƙuri, Baba, kamar yadda ka ce, amma ban ga inda haƙurin zai ɓulle ba.

Allah Ya jiƙanka, Ya gafarta maka, Ya sa kabarinka ya fi ɗakinka na duniya yalwa. Yadda ka ɗora na raunana a sama, Allah Ya miƙa maka littafinka a hannun dama ba tare da jira ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Gwaggo, da 'ya'yanka biyar, da ƙanenka mai gyaran keke. Allah Ya ba ku juriyar wannan rashi.

Ba ni kaɗai na gani ba. Maigadin ƙofar baya yana wurin, shi ya ɗaga fayil ɗin daga kan matakalar da na jiƙa, ya miƙa wa akawun. Iya mai shayi tana wurin, ta ga koren rubutun. Dukansu ba su iya karatu ba, don haka shaidarsu ba za ta hau bene ba. Amma mu uku mun shaida cewa buƙatar wani ce a hannunka lokacin da ka cika.